Kilim a tsohuwar mota: wurin sa kaya kaɗan ne, zafin Maraɗi kuma ba ya ragi

Duk wanda ya gaji Peugeot 404 ko 504 a Maraɗi, ko ya saye ta don sha'awa ya gyara, akwai tambayar da watan Afrilu ke tilasta masa yi: za a iya sa mata kilim? Masu gyara kan ce za a iya, kuma gaskiya suka faɗa. Abin da ke bayan amsar ne ake yawan tsallakewa. Motoci ne da aka zana a Faransa, 404 ta fito a 1960, 504 a 1968, kuma da yawa daga waɗanda suka iso ƙasar nan ba a bar wa na'urar sanyi gurbi a jikinsu ba. Kowane taƙi na ƙarƙashin bonet akwai abin da ke zaune a kai. Yanzu za a shigo da kaya biyar ko shida, kowanne da girmansa da zafinsa da abin da yake ci, a ce injin da ya shekara arba'in yana aiki ya ɗauki nauyinsu, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40 kusan kullum.

Masu mota kan fara da tambayar kwamfiresa, wato famfon da ke matse gas ɗin kilim: wacce ce mai ƙarfi, nawa ne kuɗinta, sabuwa ta Kano ta fi ko wadda aka ciro daga motar Kwatano. A ganina daga tsakiya aka fara. Aikin nan daga hancin mota yake tashi, daga ƴar tazarar da ke tsakanin ragar gaba da lagireto, domin ta nan ne duk zafin da aka kwaso daga cikin mota zai fita. In wurin nan ya ba da dama, sauran kayan za su samu gurbi ko da dabara. In bai bayar ba, ko kwamfiresar da ta fi kowacce tsada aka ɗaura, iska mai ɗumi za a sha, injin kuma ya tafasa.

Dalilin yana cikin yadda na'urar ke aiki. Kilim kwashe zafi yake yi daga cikin mota ya kai shi waje. Kowa ya san yadda ruwan randa ke yin sanyi: danshin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafin ruwan da ke ciki. Haka gas ɗin kilim yake yi, sai dai shi a rufe yake cikin bututu yana zagaye. Gas ɗin da ake kira R134a yana tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifili in ba a matse shi ba. Idan aka fesa shi yana ruwa cikin akwatin sanyi da ke gaban fasinja, nan take zai fara komawa tururi, ya zuƙe zafin iskar da fanka ke turawa ta cikin saƙar alminiyon. Kwamfiresa ta jawo tururin, ta matse shi har ya fi iskar waje zafi, ta tura shi kwandansa, wata saƙar bututu mai kama da lagireto da ke gaban mota. A can iska ta kwashe zafin, gas ya koma ruwa, ya bi ta kwalbar tacewa zuwa bawul ɗin feshi, zagaye ya sake.

Ke nan dole gas ya fi iskar waje zafi kafin ya iya sauke abin da ya ɗauko. A ƙasar da rana ba ta wuce digiri 25, abu ne mai sauƙi. A Maraɗi, ranar da ma'auni ya nuna 44, ga kuma hucin da ke tashi daga kwalta, gas ɗin sai ya kai wajen digiri 60 zuwa 65 kafin ya koma ruwa. A digiri 60 matsin R134a ya kusa bar 17, a digiri 70 ya wuce 21. Duk ƙarin matsin nan injin ne ke biyansa ta bel, sanyin da ke fitowa ciki kuma raguwa yake yi. Ga wani lissafin kuma: abin da kwandansa ke zubarwa ya haɗa zafin cikin mota da ƙarfin da kwamfiresa ta ci. Mu ɗauka an kwaso kilowat 4 daga ciki, kwamfiresa ta ci 2. Kilowat 6 ke nan za su fita a fuskar lagireto, wanda shi ma iska mai ɗan dama yake jira don ya huce da injin. Kayan kilim da aka haɗa don Turai suna iya shiga motar daram, su kasa a nan saboda wannan kaɗai.

Don haka a auna fuskar lagireto, tsawo da faɗi, a nemi kwandansar da ta rufe mafi yawanta. Tsohuwar kwandansa bututu ɗaya ce mai kauri da ke lanƙwasa tana kai da komo. Ta zamani kuwa, gas yana bi ta siraran hanyoyi masu yawa a jere lokaci guda, ta fi zubar da zafi, kaurinta kuma bai cika wuce santimita 2 ba. Wannan sirantar ce ta sa aikin ya yiwu a motocin da a da ba a ko tunaninsa. Aibinta ɗaya: in kwamfiresa ta taɓa mutuwa ta watsa garin ƙarfe a cikinta, ba ta wankuwa, sai jefarwa. Shi ya sa ni ban yarda da kwandansar gwanjo ba, in ba a san abin da ya kashe motar da aka ciro ta ba. Kwamfiresar gwanjo ana iya juya ta a ji motsinta, cikin kwandansa kuwa ba mai gani.

Wajen ɗaurawa, bakin shiga yana sama, na fita yana ƙasa, domin ruwa gangara yake yi. Tsakaninta da lagireto a bar kamar santimita 1 zuwa 2 don kada su goge juna, sannan a toshe gefunan da soso ko roba. Wannan toshiyar ana raina ta ƙwarai. Iska hanyar da ta fi mata sauƙi take bi. In akwai kafa a gefe, fanka za ta jawo ta nan, ta bar kwandansa a tsaye babu abin da ke ratsa ta. A hanyar Tasawa ko ta Ɗan Isa ana gudu ba za ka gane ba, iskar tafiya tana rufe aibin. Sai ka shigo gari ka maƙale tsakanin amalanke da ƴan kabu-kabu wajen babbar kasuwa, sannan sanyi ya ɗauke, allurar zafi ta fara hawa.

Fankar injin da bel ke juyawa gudun injin take bi, a silo ba ta da wani ƙarfi, alhali lokacin aka fi bukatarta. Dole a ƙara ta lantarki. Wadda aka sa a bayan lagireto tana jawowa ta fi aiki, amma a Peugeot famfon ruwa da fankarsa sun cinye wurin, sai dai a nemi siririya a sa a gaba tana turawa. Wasu 404 da 504 suna da fankar da maganaɗisu ke kamawa, ba ta juyawa da ƙarfi sai ruwa ya yi zafi. In motar tana da irinta, a haɗa wayar ta yadda za ta kama duk lokacin da kilim ke aiki. A duba kuma inda fankar lantarkin ke hurawa, domin in aka juya waya za ta riƙa tura iska gaba tana faɗa da iskar tafiya. Takarda ɗaya ta isa gwaji: a kai ta bakin raga, in ta manne, daidai ne.

Shi kansa lagireton ya sha ruwan rijiya da na famfo shekara da shekaru, cikinsa ya yi tsatsa da farin datti da ya daskare. Kafin maganar kilim a buɗe shi a wanke, in da hali a sake masa saƙa mai layi uku, a canza marfinsa, a zuba ruwan sanyaya injin na gaske. Motar da allurarta ke wuce rabi tun babu kilim ba ta shirya ba, kuma ƙonewar gaskit tsakanin Gidan Rumji da Ƙonni da azahar ba ƙaramar wahala ba ce.

Wasu in gaba ta ƙi sai su kai kwandansa ƙarƙashin mota da fankarta. A ƙasar da kwalta ta game ko'ina yana aiki. A lungunan garin nan masu yashi, da ruwan da ke kwanciya da damina, da tsakuwar hanyar ƙauye, ban ga tana daɗewa ba. Ga a-kori-kura mai gida ɗaya, bisa rufi ya fi, kamar yadda ake yi wa manyan bas.

Sai kwamfiresa. Tsofaffin motocin da suka zo da kilim da yawa kwamfiresar York suke ɗauke da ita, wata mai kusurwa huɗu da fistan biyu, ga nauyi, ga girgiza, ga cin wuri. Yau kusan kowa Sanden yake sawa ko masu kwaikwayonta. Wadda aka fi sani, 508, tana tura cc 138 a kowane juyi, 507 tana tura 108, akwai kuma 505 mai 87. Masu mota babbar suke so. Ni ga injin 404 mai cc 1618, ko na 504 mai 1796 ko 1971, ta tsakiyar ko ƙaramar nake ba da shawara. Ta fi gajarta da ƴan santimitoci, waɗanda a nan su ake nema ruwa a jallo, ba ta shaƙe injin a silo, kuma ba ta tura wa kwandansa abin da ya fi ƙarfinta. Kwamfiresa na iya cin ƙarfin doki 3 zuwa 5 in rana ta take. A injin mai doki 90 da ɗoriya ana ji, amma ana tafiya. A Renault 4 ko Volkswagen Beetle mai doki 34, mota ce za ta koma tana nishi a kowace ƴar tudu. Ita Beetle ma injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle fuskar da za a jingina kwandansa. Irin waɗannan ni ina ganin a gyara musu rufi da tagogi a bar su yadda suke.

Injin fetur na 404 da 504 a kishingiɗe yake, an kwantar da shi digiri 45 zuwa dama, don haka gefe ɗaya akwai ɗan fili, ɗayan a cushe. Sa'ar masu 504 ita ce kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975 ya ci gaba da 504 har tsakiyar shekarun 2000, ya fitar da masu kilim tun daga masana'anta. Ma'ana mariƙin kwamfiresa na asali da fuli mai rami biyu, wato faifan da bel ke hawa, suna nan a jikin matattun motoci, a bayan garejojin garin nan ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Wanda ya samu waɗannan ya huta da rabin aiki. Ko da mariƙin na York ne, ana yi masa faranti a ɗora Sanden.

In ba a samu ba, sai ƙira, kuma a nan ake gane mai hannu. A wani gareji na ga yadda wani dattijon makaniki ke yi wa 404. Bai taɓa ƙarfe ba sai da ya yanka kwali ya yi siffar mariƙin, ya ɗauko gawar wata kwamfiresa ya ɗaure ta da waya a inda yake so ta zauna. Ya jingina miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin injin ya ga ko ya taɓa fulin kwamfiresa baki da baki. Sannan ya murza yumɓu kamar girman ƙwai ya ɗora a kanta, ya rufe bonet a hankali, ya buɗe, ya auna kaurin abin da ya rage na yumɓun.

"Maigida, ai ta shiga, in kira mai walda?" in ji yaronsa.

"Ta shiga injin na tsaye. Zo ka jijjiga shi mu gani."

Yaron ya sa hannu biyu ya tura injin, sai ga gefen kwamfiresar ya taɓa jikin mota. Robobin da injin ke zaune a kai sun saki. Da an yi walda a haka, duk tashi daga giya ɗaya sai ta doki ƙarfe. Mai motar da ke gefe ya ce, "Malam, ba za a ɗan yanka nan ba a huta?" Dattijon ya ce, "Alhaji, abin da na yanka ba ya komawa. Ka ba ni zuwa jibi, a canza robobin, in matsa da ita ƙasa kaɗan."

Mariƙi daga farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6 zuwa 8 ake yinsa, a ɗaure shi a jikin injin a wuri uku, ba a jikin mota ba, tunda injin motsi yake yi shi kaɗai. Fuli biyu in suka saɓa da milimita ɗaya ko biyu, bel zai riƙa cinyewa yana tsalle. Sanden tana yarda a juya ta gefe don neman wuri, amma kada marfin da ake zuba mata mai ya karkata fiye da digiri 90 daga sama. In ta kusanci bututun hayaƙi a sa faranti tsakani ya tare huci. Sai kuma silo: injin mai kafireto ba ya ƙara wa kansa wuta in kwamfiresa ta kama, don haka ana sa wata ƴar na'ura da ke ɗan tura totur duk lokacin da kilim ya tashi. Masu gudun wannan aikin sukan ɗaga silo gaba ɗaya, mota ta riƙa shan mai a banza har da hunturu.

Wuta ita ce bashi na uku da ake ci a wurin injin, bayan iska da ƙarfi. Fankar ciki tana cin amfiya 10 zuwa 15, ta gaba kusan haka, maganaɗisun kwamfiresa 3 zuwa 4. An tashi wajen 30 ke nan. Altanetar tsofaffin motoci da yawa ba ta wuce amfiya 35 zuwa 45, kuma wannan a guje ne, a silo ba ta ba da ko kusa da haka. 404 na farko-farko ma dinamo gare su. Ka kunna fitilu da dare a cikin gari, batir ne ke cike giɓin, da safe mota ta ƙi tashi a ce batir ya lalace. Maganin shi ne altaneta mai amfiya 70 zuwa 90, da sabuwar waya mai kauri daga ita zuwa batir. Kowace fanka kuma da nata rile da fiyus, kai tsaye daga batir. Wayoyin asali sun bushe, robarsu na farfashewa a hannu, ɗora musu wannan nauyin neman gobara ne.

Yanzu ana tallan kwamfiresa ta lantarki mai bolt 12, wadda ba ta bukatar bel, ana iya ajiye ta ko a but. Ga mai fama da ƙarancin wuri abin yana da jan hankali, amma a yi lissafi. A bolt 12, kowane kilowat ɗaya ya haura amfiya 80. Waɗanda ake sayarwa suna jan amfiya masu yawa, sanyin da suke bayarwa kuma bai kai na mai bel ba. Kafin ta yi aiki sai an sa altaneta mai amfiya 120 ko fiye, wadda ita ma tana da girma, kuma daga injin nan dai take karɓar ƙarfinta. Ga ƙaramar mota mai kujera biyu ko gidan a-kori-kura tana iya wadatarwa. Ga 504 doguwa cike da iyali a watan Mayu, ban ga ta kai ba.

Cikin mota kuma, hanya uku ce. Mafi sauƙi shi ne akwatin da ake rataya a ƙarƙashin dashbod, komai a haɗe: saƙar sanyi, fanka, bawul da maɓallai. A 404 da 504 na farko masu giya a jikin sitiyari, tsakiya a buɗe take, yana zama lafiya. A masu giya a ƙasa sai an gwada da kwali tukuna: a yi akwati daidai girmansa, a rataya, mai motar ya zauna da babbar rigarsa, a shiga kowace giya, a ga inda gwiwar fasinja ke kaiwa. Hanya ta biyu ita ce a cire akwatin hita na asali a sa na sanyi a gurbinsa, a ɓoye. A Maraɗi hita ba ta da aiki in ban da ƴan safiyoyin Disamba da Janairu, kuma raɓar da ke rufe gilashi da damina iskar kilim ta fi share ta, tunda busasshiya ce, muddin an karkata bututu ɗaya wajen gilashin. Akwatin hitar da aka cire a adana shi, kada a sayar wa ƴan gwangwan. Ta uku ita ce but, iska ta fito ta bayan kujerar baya. Ba sabuwar dabara ba ce: kilim na farko a mota, wanda Packard ta fitar a Amurka wajen 1940, a but yake, ya cinye kusan rabinsa, sai a 1954 Nash ta tattara komai a gaba. Aibinta dogayen tiyo ne, da sanyin da ke dukan ƙeya direba yana gumi.

Abin da ba na so ko kaɗan shi ne yanka dashbod don a dasa bakunan iska na wata mota. Darajar tsohuwar mota a cikar kayanta take. Kilim yana iya mutuwa a cire shi bayan shekara biyar, ramin da aka huda yana nan har abada, dashbod ɗin 404 mai lafiya kuwa ba a kan hanya ake tsintarsa ba. Duk abin da za a ɗaura, a nemi ramukan ƙusa da ke akwai, ko a huda inda ido ba ya kaiwa.

504 doguwa mai layin kujeru uku ita kam akwati ɗaya a gaba ba ya kai wa na baya. Ana ƙara na biyu a baya, amma a tuna zafinsa ma a kwandansar nan ɗaya zai fita.

Akwatin sanyi yana tara ruwa, dole a ba shi bututun zubarwa mai gangara zuwa ƙasan mota. In ya toshe, ruwan a ƙafar fasinja zai sauka, daɓen motar ya fara ruɓewa daga ciki. Motar da ke yawan kwana a rumfa, zanzaro kan gina a bakin bututun da laka, a riƙa zura waya ana dubawa. Akwai kuma siririyar wayar da ke jin sanyin saƙa ta kashe kwamfiresa kafin ƙanƙara ta kama. Masu cire ta don wai a ƙara sanyi, bayan rabin awa ƙanƙara ke toshe saƙar, iska ta daina fitowa.

Tiyo uku ne, siriri na ruwa, matsakaici daga kwamfiresa zuwa kwandansa, mai kauri na dawowa. A sa irin mai shimfiɗar nailan a ciki, don R134a yana sulalewa ta jikin tsohon tiyo. Bakunansu da injin matsewa ake kama su, ƙullin da ake yi wa tiyon ruwa ba ya riƙe bar 20. Inda suka ratsa ƙarfe a sa zoben roba, kusa da kwamfiresa a bar musu ɗan sassauci. Kwalbar tacewa kullum sabuwa, a tsaye, nesa da zafi, kibiyarta na kallon cikin mota, kuma ita ce ta ƙarshe da za a buɗe wa marfi, don tana shan danshin iska nan da nan. A jikinta ko kusa da ita ake sa makunnin matsi, mai kashe kwamfiresa in gas ya tsere ko matsi ya yi yawa. Wanda ya ce a bar shi don rage kuɗi, araha ba ta ado.

Akwai aikin da ya kamata ya riga duk waɗannan, kuma shi ne mafi arha: hana zafi shiga. Motar da aka ajiye a rana cikinta na wuce digiri 60. Rufin tsohuwar mota falle ɗaya ne na ƙarfe da ƙyalle, audugar da ke tsakani ta daɗe da zubewa. Bangon da ke raba injin da fasinja cike yake da ramukan da aka huda aka manta, daɓe yana ɗaukar hucin salansa, robobin ƙofa sun bushe. A shimfiɗa abin tare zafi a rufi da daɓe da bangon injin, a toshe ramuka, a sake robobi. Duk zafin da aka hana shiga, an rage wa kwandansa shi, kuma shi ke sa ƙaramar kwamfiresa ta wadatar.

Wannan toshiyar har da rai a cikinta. Motocin nan tagogi a buɗe aka saba tuƙa su. Ranar da aka sa kilim za a rufe ko'ina, akwatin ƙarƙashin dashbod kuma iskar ciki kawai yake juyawa. In salansa na yoyo, daɓe ko robar but na da kafa, hayaƙin da ba shi da wari zai taru a ciki, ya kawo ciwon kai da barci, yana kuma kisa. A gyara salansa daga kan injin har wutsiya kafin a rufe gilashi a kan yara, kuma kada a kwanta barci a mota a tsaye injin na aiki.

Gas na da nasa zancen. Motocin da suka zo da kilim kafin farkon shekarun 1990 R12 suke sha, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda illarsa ga rigar ozon da ke sararin sama, ƙasashe irin namu kuma wa'adinsu ya cika a 2010. Sabon haɗi R134a ne, da mansa na musamman da ake kira PAG. Man R12 ba ya tafiya da shi, don haka tsohuwar kwamfiresa sai an zubar da man da ke cikinta an wanke. A guji gas ɗin kilim na ɗaki, R22, matsinsa ya fi ƙarfin kayan mota, a guji gas na girki, mai kamawa da wuta, a akwatin da ke gaban gwiwar mutum. Jabu ma yana yawo: a 2011 kwantenonin sanyi sun fashe sun kashe ma'aikata a Biyetnam da Burazil saboda R134a na jabu da aka gauraya da wani gas mai suna R40, wanda ke cin alminiyon. A sayi gas a wurin wanda aka sani, a tukunya mai hatimi.

Kafin zubawa a gwada yoyo da iskar naitirojin, sannan a zuƙe iska da danshi da injin zuƙa na minti 30 zuwa 45, a rufe a ga ko allurar gejin matsi za ta motsa. Hura gas ta baki ɗaya ya fita ta ɗayan ba ya fitar da danshi. Haɗin hannu ba shi da takardar masana'anta mai faɗin yawan gas, amma irin wannan mai akwati ɗaya yakan ci tsakanin giram 500 da 900. A ɗora tukunya a sikeli, a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa ana kallon gejin matsi biyu da ma'aunin zafi a bakin iska. Gas in ya yi yawa cika kwandansa yake yi da ruwa, ya rage mata wurin aiki, matsi ya hau, sanyi ya ragu.

Gwajin gaskiya da azahar ake yinsa, mota a tsaye a rana, bonet a rufe, injin a silo, na kamar minti ashirin. In iskar bakin akwati ta tsaya wajen digiri 10 zuwa 12 waje yana sama da 40, allurar injin kuma ba ta gusa ba, aiki ya yi. In matsi na hawa, a watsa wa kwandansa ruwa kaɗan: in ya faɗo nan take, iska ce ba ta ishe ta ba, a koma kan fanka da toshiyar gefuna. Bayan kowane hunturu a wanke ƙura da ƙaiƙayin da suka cushe tsakaninta da lagireto, da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba, don injin wankin mota yana kwantar da siraran fukafukanta. Da sanyi ma a riƙa kunna kilim na ƴan mintoci kowane mako, mai ya zagaya, robobi kada su bushe. Sannan a rubuta irin gas, da giram nawa ya shiga, da irin man kwamfiresa da lambar bel a ɗan faranti, a manna a ƙarƙashin bonet, saboda makanikin Damagaram ko na Katsina da motar za ta faɗa hannunsa wata rana.